Balan-balan na iska a bayan akori-kura: yadda za ka zaɓa kafin ka kashe kuɗinka

Masu Hilux da Land Cruiser sun yi ta aiko mini da tambaya iri ɗaya, wasu daga nan Tawa, wasu daga Ƙonni da Madawa. Mota ta ɗauki kaya, bayanta ya zauna, fitila na haska saman itatuwa maimakon hanya, sitiyari ya yi sakayau a hannu. An ce musu akwai wani balan-balan na roba mai kauri da ake sawa tsakanin shasi da pon, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya biyu, a hura masa iska ya ɗaga motar. Wanne za a saya, nawa ne, wa zai ɗaura?

Kafin mu shiga, ka riƙe wannan. Balan ɗin yana gyara zaman mota ne da kayan da aka halatta mata ta ɗauka. Ba ya ƙara mata ko kilo ɗaya a kan abin da kamfaninta ya rubuta, kuma su kansu masu ƙera balan ɗin haka suke rubutawa a takardar da ke zuwa cikin kwali. Shasi, birki, taya da pon duk suna nan yadda suke. Shi ya sa jerin nan bai fara da saye ba.

1. Hau sikeli

Buɗe ƙofar gaba ka duba ginshiƙinta, ko ka ɗaga bonet ka nemi ɗan farantin da kamfani ya manna. Lambobi uku kake nema: iyakar nauyin motar idan an haɗa da duk abin da ke cikinta, iyakar abin da gaba zai ɗauka, da iyakar abin da baya zai ɗauka. Ta farkon ita ce ake rubutawa PTAC a kart giriz, wato takardar rajistar mota.

Sai ka cika tanki, ka bar duk abin da ba ya fita daga motar, irin su safaya, jak, akwatin sifanu da ƙarafan da aka yi wa walda a bodi, ka je inda ake auna manyan motoci. Roƙi mai sikeli ya auna maka sau biyu, motar gaba ɗaya, sannan tayoyin baya kaɗai a kan sikeli. Ranar da ka yi lodin da ka saba, ka koma a sake.

Mu ɗauki misali. A ce farantin ya ce kilo 3,000, sikeli kuma ya ce motarka babu kaya kilo 2,150 ce. Saura 850. Direba da mutum huɗu, kowanne a ba shi kilo 70, sun cinye 350. Abin da ya rage wa bodi 500 ne, wato buhu 10 na simintin Malbaza. Durom ɗin ruwa mai lita 200 kilo 200 ne, ban da nauyin ƙarfensa. Buhun albasar Galmi da aka yi wa hula yakan haura kilo 100. Yawancin Hilux, L200, D-Max da Ranger abin da suke ɗauka bai wuce wajen tan ɗaya ba, har da mutanen da ke ciki, kuma mutane ne ake yawan mantawa a lissafi.

Duba gefen taya ma. Bayan lambar girma akwai wata lamba mai nuna nauyin da tayar ke ɗauka. Idan ka ga 112, kilo 1,120 ke nan ga taya ɗaya idan iskarta ta cika yadda ya kamata.

Gargaɗi: idan awon ranar lodi ya nuna ka wuce lambar farantin, tsaya nan. Matsalarka ba ta balan ba ce. Ko ka yi sawu biyu, ko ka ja tirela, ko ka nemi motar da ta fi wannan.

2. Duba lafiyar abin da ke ƙarƙashi

Sa mota a kan rami ku shiga da makaniki da tocila. Lam, wato dogayen ƙarafan nan masu faɗi da aka jera bisa juna, waɗanda bayan mota ke zaune a kansu, idan yana da lafiya yana da ɗan lanƙwasa ko da babu kaya. Idan ya miƙe sambal, ko ya fara lanƙwasawa ta ɗaya gefen, ya gaji. Ƙirga lam ɗin kowane ɓangare, ka nemi wanda ya karye a tsakiya inda ƙura ke ɓoye shi. Duba robobin idon lam, da ƙarafan nan masu siffar U da ke ɗaure lam da pon, da amortisa, wato bututun da ke rage wa mota tsalle, ko tana zubar da mai. Goge shasi da tsumma daga bayan kabin har zuwa saman pon, ka nemi tsaga, tsatsa mai cin ƙarfe, ko tsohuwar walda da aka shafe da baƙin fenti. Motar da aka saya hannu na biyu daga wani aiki na daji, wannan wurin ne za ka fi daɗewa a kai.

Duk abin da ya lalace a gyara shi tukuna. Mota mai gajiyayyen lam idan aka sa mata balan, shi zai koma yin aikin lam ɗin gaba ɗaya, alhali mataimaki aka yi shi.

A nan ne kuma za ka san ko kana cikin waɗanda abin ya dace da su. Idan nauyin da ke bayanka ba ya sauka, kamar tankin ruwa, janareta ko injin walda da aka ɗaure dindindin, lam masu ƙarfi da aka ƙera don wannan nauyin sun fi maka, irin na Old Man Emu ko Ironman 4x4, babu tiyo babu yoyo. Balan na mutumin da yau motarsa fayau take kai yara makaranta, jibi kuma tana dawowa daga kasuwar Badagishiri da buhunan gero. Shi ne idan ya ƙara lam zai sha wahala duk ranar da babu kaya, mota na tsalle da shi a kowane rami. Da yawa a nan sun saba cusa lam ɗin babbar mota a tsakiya, sai a samu ƙarfi a rasa kwanciyar tafiya, har ƙofar bodi ta fara kwancewa da kanta.

3. Auna zaman motar

A wuri mai daidai, auna da mita daga tsakiyar taya zuwa leɓen bodin da ke samanta, hagu da dama, gaba da baya, ba kaya. Sake aunawa da kaya. Rubuta a takarda ka ajiye a aljihun mota, za ka buƙace ta a mataki na 9. Auna kuma tazarar da ke tsakanin saman pon da ƙasan shasi, da nisan salansa daga wurin.

4. Wane iri ne zai shiga

Leƙa ka ga ko bayan motarka lam ne ko sifirin mai murɗe da ake ce wa koyil. Hilux, Land Cruiser 79, L200, D-Max da Ranger na yau da kullum duk lam ne a baya. Nissan Navara NP300 kuwa akwai mai lam akwai mai koyil, ya danganta da ƙasar da aka yi wa ita, don haka ido ne zai faɗa maka, ba sunan mota ba.

Mai koyil ba shi da dogon zaɓi. Akwai wani ɗan silinda na roba da ake cusawa cikin koyil ɗin, irin Air Lift 1000 ko Coil-Rite na Firestone. Air Lift 1000 yana taimakawa da abin da ya kai kilo 450, kuma iskarsa ba ta wuce psi 35, psi kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin iska. Ya fi sauƙin kuɗi da sauƙin sawa. Abokin gabansa yashi ne: yana shiga tsakanin roba da ƙarfe yana gurza ta a hankali, sai an riƙa wankewa.

Mai lam yana da iri biyu. Akwai siriri mai tsawo, wanda robarsa ke naɗewa a kan wani gindi idan ya matse. Yana da laushi, yana shiga matsattsen wuri, kuma Ride Control na Air Lift, wanda shi ne misalinsa, an rubuta masa kusan kilo 900. Akwai kuma mai ciki biyu, gajere mai faɗi, da zobe a tsakiya, irin Ride-Rite na Firestone da LoadLifter 5000 na Air Lift. An rubuta wa LoadLifter fam 5,000, kusan kilo 2,270, a kan iskar psi 100.

Wannan lambar ta 2,270 tana ruɗin mutane. Ƙarfin robar take faɗa, kuma an yi ta ne da manyan akori-kura na Amurka a zuciya. Motar da duk abin da za ta ɗauka tan ɗaya ne ba za ta taɓa buƙatar rabin wannan ba. Abin da ya sa duk da haka nake fifita mai ciki biyu ga masu bin hanyar Abalak ko Cintabaradan shi ne kaurin robarsa, da kuma cewa yana yin aikin da iska kaɗan.

Tambayi mai sayarwa abu ɗaya da ba a cika tambaya ba: shin sai an cire robar da ke tare pon kada ya bugi shasi? Yawancin irin waɗannan a mazaunin robar suke zama. Idan an cire ta, ranar da iska ta fice, balan ɗin ne zai sha dukan ƙarfe da ƙarfe. Akwai waɗanda aka sa musu irin wannan robar a cikinsu, kamar LoadLifter 5000 Ultimate, akwai kuma waɗanda ke zama gefe su bar ta asali a wurinta. Ɗaya daga cikin biyun nan nake so ga motar da ke nisa da gari.

5. Shasi, da inda kaya ke zama

Wannan matakin babu abin saye a cikinsa, amma shi ne ya fi kowanne tsada idan aka tsallake shi.

Lam yana riƙe da shasi a wuri biyu, gaba da baya, tsakaninsu fiye da mita ɗaya, don haka nauyi yana rabuwa. Balan kuwa wuri ɗaya yake tokarewa, daidai saman pon, inda kamfani ya yi don robar tarewa ta taɓa jefi-jefi. Manyan masu ciki biyu, kowane psi ɗaya da ka ƙara yana ɗaukar wajen kilo 20 idan aka haɗa biyun. Ke nan a psi 40, kusan kilo 800 ne ke tsaye a kan wannan ɗan wurin, lam kuma suna hutawa.

Yanzu ƙara da kayan da suka zarce pon ta baya. A mota mai kabin biyu, pon yana kusa da gaban bodi, mafi yawan bodin yana rataye ne a bayansa. Tsakanin tayar gaba da ta baya a Hilux mita 3 ne da ɗan kai. Durom mai kilo 200 da aka ajiye mita ɗaya bayan pon yana danna tayoyin baya da kusan kilo 265, yana kuma ɗage wa na gaba kilo 65. Injin na ja ƙasa ta gaba, kaya na ja ƙasa ta baya, balan mai tauri na tokare da tsakiya, kamar mai karya rake a gwiwa. Sai a hau gargada da gudu, a faɗa kwari ɗaya da ba a gani ba. Abin da ke biyo baya sananne ne a Ostareliya, inda ake yawan amfani da irin motocinmu a daji: shasi ya lanƙwashe tsakanin kabin da bodi, ka ga tazarar da ke tsakaninsu ta buɗe ta sama. Ko babu balan lodi mai yawa na yin haka, amma balan da aka cika da iska yana gaggauta shi, domin yana ɓoye alamar da ke sa direba ya rage gudu.

Saboda haka kafin ka saya, yanke shawara a kan yadda za ka riƙa lodi. Mai nauyi ya jingina da kabin, marar nauyi ya koma baya. Kada a buɗe ƙofar bodi a shimfiɗa katako a ƙara tsawo. Idan sana'arka ba za ta yiwu ba sai da haka, bar balan ɗin a kanti.

6. Nemo wanda aka yi wa motarka

Robar kusan iri ɗaya ce a ko'ina. Ƙarafan da ke riƙe ta sama da ƙasa su ne suka bambanta, kuma su kake saye. Tanadi waɗannan kafin ka tuntuɓi mai sayarwa: lambar shasi, shekarar ƙira, kabin ɗaya ko biyu, mai jan taya huɗu ko biyu, lam a saman pon yake ko a ƙarƙashinsa, akwai ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki, ko babu, an ɗaga motar ko tana tsayinta na asali. Haɗa da hotuna biyu na ƙarƙashin, hagu da dama, da awon da ka yi a mataki na 3. Hilux ta canza jiki a 2005 ta sake canzawa a 2015, kuma ƙarafan ɗaya ba lallai su hau ɗaya ba.

Kuskuren da na fi gani shi ne a yi odar kayan Tacoma don Hilux. Ba a sayar da Hilux a Amurka, Tacoma suke da ita, kuma shasinsu ba ɗaya ba ne. Don Hilux da Land Cruiser 79, duba wajen kamfanonin Ostareliya irin su Airbag Man da Polyair, ko na Turai irin su Dunlop, VB-Airsuspension da Drive-Rite. Wanda ke da motar Amurka, Tundra ko F-150, shi ne zai je wajen Air Lift ko Firestone kai tsaye.

Motar da aka ɗaga da santimita 5 tana buƙatar nata daban, ko wani ƙarfe da ke cike tazarar. Idan aka sa gajere, duk lokacin da taya ta faɗa rami balan ne zai riƙe pon, wata rana ya tsinke daga murfinsa. Mai yawan bin tudun yashi da kwazazzabai ya nemi irin wanda gindinsa ke zama a cikin faranti ba tare da an ɗaure ba, yana ɗagawa ya dawo.

Gargaɗi: nemi wanda ake ɗaurawa da noti a ramukan da ke jikin shasi tun asali. Kada ka yarda a yi wa shasi walda, kada kuma a huda leɓensa na sama ko na ƙasa. Idan an kawo maka balan ɗin da aka cire daga kabin ko tirelar babbar mota an ce za a ƙera masa ƙarafa, ka yi godiya ka wuce. Idan kuma na hannu na biyu ne, matsa robar da yatsa a wurin naɗin: idan ƙananan tsagu suka buɗe, ta tsufa.

7. Tiyo da hanyar hura iska

Kowane balan da tiyonsa da bawul ɗinsa, ko a haɗa su biyun a bawul ɗaya? Raba su. Idan an haɗa, da ka shiga kwana iska za ta gudu daga ɓangaren da nauyi ya danna ta koma ɗayan, mota ta ƙara kwantawa. Ga mai dogon lodi wannan ba abin wasa ba ne. Rabawar kuma tana ba ka damar ƙara wa ɓangaren da ya fi nauyi, kuma idan ɗaya ya fara yoyo za ka san wanne ne.

Batun kwampireso da ake ɗaurawa a mota, mai geji da maɓalli a gaban direba, daɗi ne da shi, amma ba dole ba ne. Cikin balan ɗin ƙarami ne, famfon keke ma yana cika shi cikin minti ɗaya ko biyu. Shawarata ka fara da bawul na hannu. Idan bayan wata biyu ka ga kana canza iska sau da yawa a rana, sai ka ƙara kwampireso, a ɗaura shi inda ƙura da ruwan damina ba sa kai masa, da fis ɗinsa daban.

Tiyon kayan Amurka da na Ostareliya yawanci kwatan inci ne, milimita 6.35, na Turai kuma galibi milimita 6. Ido ba ya bambanta su, amma na 6 a bakin na kwatan inci yoyo zai yi ta yi. Sayi ƙarin mita biyu ko uku da mahaɗi biyu tare da kayan.

8. Kuɗi, da ranar ɗaurawa

A can inda ake sayar da su, na cikin koyil yana kamawa daga dalar Amurka 100 zuwa 200. Mai ciki biyu da ƙarafansa yawanci tsakanin 300 ne da 600, wato wajen jaka 180 zuwa 360 idan aka lissafta dalar a kan sefa 600, sai dai ka duba canjin ranar. Kwampireso da gejinsa na iya kai kuɗin balan ɗin kansa, mai rimot ma ya wuce. A kan wannan za ka ɗora kuɗin jigila, kwalin kuwa yana da nauyi saboda ƙarafa, da na duwan, da na kawowa daga Yamai. Tambayi mai yi maka oda jimillar kuɗin har hannunka kafin ka ba da ko dala. Wanda ka gani a intanet da rabin wannan farashin, ba suna ba takarda, galibi a ƙarafan da mahaɗan tiyo aka rage.

Ɗaurawar aikin awa biyu zuwa uku ne ga wanda ya karanta takardar. Kayan aiki: jak, ƙafafun ƙarfe na tokare shasi, sifanu, sifanar awon ɗauri idan akwai, reza sabuwa, igiyoyin roba na ɗaure waya, geji mai karanta ƙaramar iska, da ruwan sabulu a gora. Sifanun inci na iya zama dole idan kayan na Amurka ne. Idan takardar da Turancin Ingilishi take, makanikinka kuma Faransanci ya sani ko bai yi boko ba, ka zo da wanda zai karanta muku. Kada a yi da ka.

Ka tsaya a wurin, ka sa ido a kan waɗannan. Ƙarfen sama da na ƙasa su kalli juna, balan ya tsaya a miƙe ba a karkace ba. Bayan an hura, a samu aƙalla santimita ɗaya da rabi tsakaninsa da komai: taya, amortisa, tiyon birki, wayar birkin hannu, bakin noti. Idan salansa na kusa, a sa farantin kare zafi da ke cikin kwalin, shi ne abin da yaran gareji suka fi jefarwa gefe suna cewa ba ya da amfani. Tiyo a yanke shi da reza, yanka ɗaya a miƙe. Filaya ko almakashi na matse bakinsa, kuma daga nan yawancin yoyo ke farawa. A bi da shi ta saman shasi, nesa da salansa da inda tsakuwa da ƙaya ke duka, a bar masa ɗan sassauci kusa da balan. Bawul biyun a sa su inda hannu zai kai ko da bodi cike yake, kusa da lambar mota ko cikin murfin tanki, kowanne da hularsa.

Da an gama, a hura psi 30, a shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, a jira kumfa. Bar motar ta kwana. Ragin psi 2 zuwa 4 a daren farko ba komai ba ne, amma idan ya wuce 5 akwai yoyo, a ciro tiyo a sake yanke bakinsa. Bayan tafiyar kilomita 150 ko makamancin haka, koma a sake ɗaure notuna duka.

9. Iska nawa, da maganar birki

Ba kaya, kada ya gaza psi 5, wato kusan bar 0.35. Masu faci da ke lissafi da kilo za su ce maka ai wannan ba iska ba ce, amma ita ke hana robar naɗewa ta ciji kanta. Tafiya da balan fayau ita ce hanya mafi sauri ta kashe shi. Iyakar sama kuma tana cikin takardar kayanka. Wasu masu yi wa ƙananan akori-kura suna tsayar da ita ƙasa da 100 sosai, kuma tasu za ka bi.

Ranar lodi, fara sa ɗan iska, ka ɗora kaya, sannan ka riƙa ƙarawa psi 5 a kowane ɓangare kana aunawa da mita. Ɗauko takardar mataki na 3. Akori-kura ba kaya bayanta ya fi gabanta tsayi, da gangan aka yi ta haka. Kada ka nemi mayar da ita wannan tsayin. Tsaya da zarar ta daidaita, bayan ya ɗan yi ƙasa da awonsa na fayau, don lam su ci gaba da ɗaukar kasonsu. A yawancin lodin da bai wuce ƙa'ida ba, za ka ga ka tsaya tsakanin psi 15 da 35. Rubuta lambar kowane irin lodi. Da ka sauke kaya, sauke iska, in ba haka ba bayan zai yi ta tsalle, taya na rabuwa da ƙasa a gargada.

Gargaɗi: kada ka bar yaron mai faci ya danna masa tiyon babban kwampireso kamar taya. Daƙiƙa kaɗan sun isa su wuce iyaka. Auna da safe kafin rana ta yi, don a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, awon rana zai nuna fiye da gaskiya. Kowane awo ma yana fitar da ɗan iska, saboda cikin ƙarami ne.

Sai birki. Tsofaffin Hilux da Land Cruiser marasa ABS suna da wani bawul a jikin shasi ta baya, da siririn ƙarfe da ya taho daga pon. Aikinsa shi ne idan bayan mota ya zauna, ya gane an yi lodi, ya ƙara wa tayoyin baya ƙarfin birki. Idan balan ya ɗaga motar, bawul ɗin zai ɗauka babu kaya, ya rage birkin baya alhali tan guda na bisa. Direba ba zai sani ba sai ranar da jaki ya fito masa a gangara. Wannan dalili ne na biyu na ƙin mayar da ita tsayinta na fayau. Wasu kayan Turai suna zuwa da ƙarfen gyara wannan bawul, tambaya tun wajen oda. Ko da an gyara, gwada birki da lodi a fili marar mutane kafin ka hau hanya. Kada kuma ka yarda da mai cewa a ɗaure ƙarfen sama dindindin, domin ranar da babu kaya tayoyin baya za su riƙa kullewa.

10. Kulawa da abin da za ka yi idan ya fashe

Auna iska sau ɗaya a mako da kuma kafin doguwar tafiya. Duk wankin mota, a fesa ruwa a cikin naɗin robar da farantin gindinta, inda tsakuwa da jar ƙasa ke maƙalewa. Kada a shafa masa baƙin mai ko gas. Idan za a ɗaga mota ta shasi har tayoyin baya su rataya, rage iska zuwa mafi ƙaranci tukuna, in kuma aikin zai daɗe a tokare pon.

A aljihun mota ka ajiye tiyo, mahaɗi, ƴan cikin bawul, reza da famfo. Yawancin abin da ake kira fashewa a hanya tiyo ne ya goge ko ya narke, kuma minti goma sun isa a yanke wurin a haɗa. Idan robar ce da kanta ta yage, tsakanin Abalak da Agadas babu inda za ka samu wata. Sauke iskar ɗaya ɓangaren zuwa psi 5 don motar ta daina karkata, matso da kaya masu nauyi jikin kabin, rage abin da za a iya ragewa, ka tafi a hankali. Idan an cire robar tarewa ta asali wajen ɗaurawa, ka tabbata tana cikin motar tare da notunanta, don a irin wannan ranar sai an kwance balan ɗin an mayar da ita kafin a ci gaba.